Baƙon da ya zama mai gida: zaman Turawan Ingila a Amurka kafin 1776

Duk mai bin jaridun Turanci na ƙasar nan ya san sunan da suke liƙa mana idan wata hatsaniya ta tashi a kasuwa ko a kara. Kalmar da suke amfani da ita, gidajen rediyo kan fassara ta da "'yan kama-wuri-zauna". Abin da wasunmu ba su sani ba shi ne, da wannan kalma ce littattafan tarihi ke kiran Turawan Ingila da suka tsallaka teku suka zauna a Amurka shekara ɗari huɗu da suka wuce. 'Ya'yanmu suna karanta ta a aji, su fito su ji ana jifansu da ita a titi. To, tunda an haɗa mu suna ɗaya da waɗannan mutane, ya kamata mu san su wane ne, yaya suka zauna, me ya shiga tsakaninsu da waɗanda suka tarar, sannan mu auna mu ga ko sunan ya dace da mu.

Kamfani ne ya fara zuwa

Ingila ta makara wajen shiga Amurka. Mutanen Sifen sun riga ta da kusan shekara ɗari, suna ta kwasar zinariya da azurfa daga Meziko da Peru. Yunƙurin Ingila na farko ya tashi a banza: mutum fiye da ɗari da aka sauke a tsibirin Roanoke a 1587, da aka koma duba su a 1590 ba a tarar da ko ɗaya ba.

A 1606 Sarki James na Farko ya ba wasu attajiran Landan takardar izini suka kafa Kamfanin Virginia, aka sayar da hannun jari. A watan Mayu na 1607 jiragen ruwa uku suka sauke maza da samari kimanin 104 a bakin wani kogi, suka kafa gari suka sa masa Jamestown. Wurin fadama ce, ruwan sha da gishiri-gishiri, ga fari ana fama da shi. Su kuwa baƙin zinariya suka zo nema, noma bai dame su ba.

Ƙasar kuma da masu ita. Turawa sun kira su Indiyawa ne bisa kuskuren Columbus, wanda ya zaci Indiya ya iso. Babban sarkin yankin shi ne Powhatan, ƙabilu kusan talatin ke biyan masa gandu. Da farko bai ɗauki baƙin a bakin komai ba. Ya ga suna da tagulla da gatura da wuƙaƙe, sai ya riƙa ba su masara yana karɓar kayansu. Da yunwa ta matsa, baƙi suka fara ƙwatar masara da bakin bindiga, shi kuma ya sa aka tsare su cikin shingensu. A hunturun 1609 zuwa 1610 sun ci dawakai da karnuka da ɓeraye har da fatar takalma. Mutum kimanin 60 suka rage.

Taba ce ta cece su. A 1612 wani mai suna John Rolfe ya gwada shuka wani irin taba mai daɗin sha, ta karɓu a kasuwar Landan. Shi ne kuma ya auri Pocahontas, 'yar Powhatan, a 1614, auren ya kawo 'yan shekaru na lafiya. Amma taba shuka ce mai cinye ƙasa, shekara kaɗan gona ta gaji sai an sari sabuwa. Kamfani kuma ya yi doka cewa duk wanda ya biya wa mutum ɗaya kuɗin jirgi za a ba shi eka 50. Kun ga ke nan kowane jirgi ya iso, sai gonakin baƙi su ƙara cin gaba cikin ƙasar masu gida.

Ranar 22 ga Maris 1622 Opechancanough, wanda ya gaji ƙarfin Powhatan, ya kai hari ba zato, aka kashe baƙi 347. Ramuwar ta ɗauki shekaru, ana ƙona garuruwa da gonakin masara. A 1624 sarkin Ingila ya soke izinin kamfanin ya mayar da Virginia ƙarƙashin gadon sarauta. Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka Kamfanin Neja ya sami takardar izini a 1886, ya yi ciniki ya ƙulla yarjejeniyoyi da sarakuna, a 1900 gwamnatin Birtaniya ta karɓe daga hannunsa, shekara uku bayan nan Kano da Sakkwato suka faɗi.

Masu gudun hijira saboda addini

Can arewa da Virginia labarin ya ɗan bambanta. A 1620 jirgin Mayflower ya sauke mutum 102 a wurin da suka kira Plymouth. Da yawansu Kiristoci ne da suka saɓa da cocin gwamnatin Ingila, suka fito da matansu da 'ya'yansu don su yi ibada yadda suka ga daidai. Kusan rabinsu sun mutu a hunturun farko.

Waɗanda suka rage sun tsira ne da taimakon ƙabilar Wampanoag. Akwai dalili. Tsakanin 1616 da 1619 wata annoba da ta biyo jiragen Turawa ta share garuruwan bakin teku, ta raunana Wampanoag, ta bar abokan gabarsu Narragansett da ƙarfinsu. Sarkinsu Massasoit ya ga baƙi masu bindiga za su yi masa amfani, sai ya ƙulla amana da su a 1621. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani mutuminsu, Tisquantum, wanda Turawa suka taɓa sacewa suka kai Turai har ya iya Turanci, shi ya yi musu tafinta ya koya musu shukar masara.

Daga 1630 sai ƙofa ta buɗe. John Winthrop ya jagoranci ayari aka kafa Boston, cikin shekara goma mutum kimanin 20,000 suka biyo baya. Mu faɗi gaskiya, mutane ne masu tsari. Kowane gari da cocinsa da dandalinsa da taron magidanta inda ake yanke shawara. A 1636 suka kafa kwalejin Harvard, a 1647 suka yi doka cewa duk garin da ya kai gida 50 dole ya ɗauki malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu. Sai dai 'yancin addinin da suka nema wa kansu ba su ba wasu ba. Wani limaminsu, Roger Williams, ya ce hukuma ba ta da hurumin tilasta wa mutum ibada, kuma sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar da ba tasa ba, sai a saya daga masu ita. A 1635 suka yanke masa hukuncin kora, ya je ya kafa garin Providence.

Amanar Massasoit ta yi shekara hamsin da 'yan kai. Abin da ya ci ta, mu da muka san kara da burtali za mu fi kowa ganewa. 'Yan ƙasar ba su da shanu ko aladu. Baƙi suka kawo su, suka sake su suna yawo, dabbobin su faɗa gonakin masara su tone rumbunan ƙasa. In ɗan ƙasa ya harbe alade, a kotun baƙi za a gurfanar da shi. Ga kuma maganar sayar da fili. Sau da yawa ɗan ƙasa na ɗauka ya ba baƙo damar zama da noma ne, shi ma zai ci gaba da farauta da su a wurin. Baƙo kuwa yana riƙe da takarda mai cewa an sayar har abada. Tsofaffin da suka ci abinci tare a 1621 sun mutu, 'ya'yansu ba su ga ranar da aka yi wa juna rana ba.

A 1675 kotun Plymouth ta rataye mutum uku 'yan Wampanoag bisa zargin kisan kai, yaƙi ya ɓarke ƙarƙashin Metacom, ɗan Massasoit na cikinsa. An rusa garuruwan baƙi kusan goma sha biyu. A watan Agusta na 1676 aka kashe Metacom, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth, garin da ubansa ya ciyar. Matarsa da ɗansa aka sayar da su bayi a hayin teku.

Uba ya saya, 'ya'ya suka yi wayo

Ba duka baƙin ne suka zo da hali ɗaya ba. A 1681 Sarki Charles na Biyu ya ba William Penn ƙasa mai faɗi a madadin bashin da mahaifin Penn ke bin gidan sarauta. Penn ɗan ɗariƙar Quaker ne, masu ƙin yaƙi da rantsuwa. Duk da takardar sarki na hannunsa, ya zauna da dattawan ƙabilar Lenape ya biya kuɗin filayen da ya karɓa, ya kuma buɗe Pennsylvania ga Jamusawa da 'yan Ailan da mabiya ɗariƙu iri-iri. An daɗe ana zaune lafiya.

Bayan rasuwarsa, a 1737, 'ya'yansa suka fito da wata tsohuwar takarda wai Lenape sun yarda su ba da fili iyakar tafiyar yini ɗaya da rabi a ƙafa. Suka sa aka share hanya tun kafin ranar, suka ɗauko gwanayen gudu uku. Ɗaya daga cikinsu ya wuce mil 60. Da haka aka raba Lenape da fili fiye da eka miliyan ɗaya. Ba su manta ba. Shekara goma sha takwas bayan haka, da yaƙin Faransa ya zo, gonakin Pennsylvania suka fara afka wa.

Wa ya yi noman?

Taba da shinkafa suna son hannu da yawa. Da farko talakawan Ingila ne ke yi: mutum ya sa hannu a takarda zai yi wa wanda ya biya masa kuɗin jirgi aiki shekara huɗu zuwa bakwai, in ya rayu a sallame shi. A 1619, shekarar da Virginia ta kafa majalisar wakilanta ta farko, wani jirgi ya sauke baƙaƙen fata ashirin da 'yan kai da aka kamo daga yankin Angola. Majalisa da bauta tare suka girma. A 1662 majalisar ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, ɗan baiwa bawa ne ko da ubangidan ne ya haife shi. A 1667 ta ƙara cewa shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa.

A 1676 wani mai gona, Nathaniel Bacon, ya tayar wa gwamna saboda ya ƙi yarda a yaƙi dukan 'yan ƙasa a karɓe filayensu. Talakawan Turawa da 'yan ƙodago da bayi suka bi shi, har suka ƙona Jamestown. Bacon ya mutu da ciwo, tawayen ya watse, amma manyan masu gonaki sun ga abin da zai faru in talaka fari da talaka baƙi suka haɗa kai. A shekarun da suka biyo baya suka koma sayen bayi daga Afirka gadan-gadan, dokoki kuma suka ƙara raba fari da baƙi. Da yawa daga bayin Virginia ta Bonny da Kalaba aka fitar da su. A Carolina ta Kudu, ƙasar shinkafa, baƙaƙe sun fi fararen yawa tun 1708. Gab da samun 'yanci, kusan mutum ɗaya cikin biyar a waɗannan yankuna bawa ne.

Cikinsu har da Musulmi masu karatu. Ayuba Sulaiman Diallo Bafulatani ne ɗan malami daga Bundu, a ƙasar Senegal ta yau. Ya je bakin kogin Gambiya sayar da bayi, a hanyar komawa aka kama shi, aka sayar da shi ga jirgin da shi kansa ya yi ciniki da shi. A 1731 ya tsinci kansa a gonar taba a Maryland. Ya gudu, aka kama shi aka kulle. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ta faɗa hannun James Oglethorpe a Landan, aka fanshe shi, ya isa Ingila a 1733 inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, a 1734 ya koma gida. Alƙalami ya fitar da shi. Dubban da aka sauke tare da irinsa ba su sake ganin gida ba.

Ingila da Faransa

Duk wannan yana faruwa ne ƙarƙashin gasar manyan dauloli. Sifen na riƙe da Florida tun 1565, har takan yi wa bayin Carolina alkawarin 'yanci in suka gudo suka shiga Katolika, don ta raunana maƙwabciyarta. Holan na da gari a bakin kogin Hudson, Ingila ta ƙwace shi a 1664 ta sa masa New York. Babbar kishiya dai Faransa ce. Ta kafa Quebec a 1608, ta bi koguna da tafkuna har ta kafa New Orleans a 1718, ta zagaye yankunan Ingila ta baya.

Zaman nasu ba iri ɗaya ba ne. Faransawa fatun dabbobi suka fi nema, don haka suna buƙatar 'yan ƙasa a raye a cikin dazukansu suna farauta. Sukan auri matansu, su koyi harsunansu, su yi musu kyauta duk shekara. Turawan Ingila fili suke so, a sare daji a kafa shinge. Wajen 1750 mutanen yankunan Ingila sun haura miliyan ɗaya, Faransawan Kanada kuwa kimanin 70,000 ne. 'Yan ƙasa ba 'yan kallo ba ne a wannan gasa. Ƙungiyar ƙabilun Iroquois ta ƙulla sulhu da ɓangarorin biyu a 1701, ta yi shekara hamsin tana cin riba daga tsoron da kowannensu ke yi kada ta koma wa ɗayan.

A kwarin kogin Ohio abin ya fashe. Attajiran Virginia sun kafa kamfanin sayar da filaye a can, Faransa kuma ta gina sansanonin soja. A 1754 gwamnan Virginia ya tura wani hafsa ɗan shekara 22, George Washington, wanda 'yan'uwansa ke da jari a kamfanin. Ya yi wa wata tawagar Faransawa kwanton ɓauna, su kuma suka kewaye shi ya miƙa wuya. A 1755 aka kashe Janar Braddock aka tarwatsa rundunarsa. Daga nan wutar ta kama Turai da Indiya har da gaɓar Afirka ta Yamma, inda Birtaniya ta ƙwace Saint-Louis da tsibirin Gorée daga hannun Faransa a 1758. Quebec ta faɗi a 1759, janar na kowane ɓangare, Wolfe da Montcalm, ya rasa ransa a wannan karo. A yarjejeniyar Faris ta 1763 Faransa ta sallama Kanada da kusan duk abin da ke gabas da kogin Mississippi, Sifen ta ba da Florida. Ba a gayyaci ko sarki ɗaya na 'yan ƙasa wurin rabon ba.

Nasarar ce ta raba Ingila da 'ya'yanta. 'Yan ƙasa ƙarƙashin Pontiac suka tashi a 1763 suka ƙwace sansanoni da dama. Don gudun wani yaƙin, Sarki George na Uku ya ja layi a kan duwatsun Appalachia ya hana baƙi zama a yammacinsa, alhali filin da suka yi yaƙi dominsa ke nan. Bashin yaƙi ya kusa ninka na da, majalisar Landan ta ɗora harajin takardu a 1765, baƙi suka ce ba su da wakili a majalisar, ba za su biya ba. Kuma tunda Faransa ta tafi, ba su da sauran abin tsoro da zai sa su riƙe rigar sarki. A 1775 aka fara harbi, a 1776 yankuna goma sha uku suka yi shelar 'yanci, a 1778 Faransa ta shigo ta taya su don ta rama.

Wannan gasa ta Ingila da Faransa ta iso ƙofar gidanmu daga baya. A 1890 suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi a teburinsu. Shi ya sa yau mai zuwa Maraɗi daga Katsina, ko Ƙonni daga Illela, sai ya tsallaka iyaka kafin ya gaida ɗan'uwansa.

To, sunan ya dace da mu?

Mu auna. Waɗancan sun zo da takardar wani sarki na hayin teku wadda ta ba su ƙasar da ba tasa ba, da tuta da bindiga da kotunsu. Kakanninmu da sanda da buhu suka zo, suka kawo shanu suka koma da goro. Sun yi sallama a fadar sarkin gari, an nuna musu inda za su sauka, Sarkin Hausawa kuma ƙarƙashin sarkin gari yake har gobe. Ba mu kori kowa daga gonarsa ba, ba mu da wata daula a bayanmu. A tarihin kamfani da layin iyaka ma, muna cikin waɗanda aka raba ne. Kuma ƙasar nan tamu ce baki ɗaya, tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya so. Wannan amsa ya kamata kowane yaro a unguwar nan ya iya bayarwa cikin natsuwa, ba da zagi ba.

Amma kada mu tsaya a wanke kai. Abubuwan da suka ci amanar Plymouth da Pennsylvania ƙanana ne a farkonsu, kuma duk muna da irinsu: dabba ta shiga gona ba a biya ɓarna ba, fili da aka ba kaka aro jika ya ce saye ne, takardar da ɓangare ɗaya kaɗai ya fahimta, da samari na kowane ɓangare da ba su san alherin da iyayensu suka yi wa juna ba. Sai kuma manya daga nesa masu neman wanda zai yi musu faɗa, kamar yadda muke gani duk lokacin zaɓe, in an gama su zauna su raba abinsu ba tare da mu ba.

Don haka muna roƙon dattawanmu da suka san yadda aka ba da kowane fili, na masallaci da na maƙabarta da na kara, su zauna da masu ilimin cikinmu a rubuta, a kai fada a sa hannu tun masu shaida na raye. Shugabannin kara su riƙa biyan ɓarna da wuri kafin magana ta kai ga 'yan sanda. Iyaye kuma mu riƙa ɗaukar yara in za mu gaisuwar sarkin gari ko ta'aziyyar maƙwabta, su san fuskokin juna. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan magabatanmu da nasu da suka ƙulla wannan zama. Amin.